Yadda muka auna sararin sama da ƙwallo da ƙwayar gero a Jos

Tun watan Nuwamba shugabar makarantar Lahadi ta cocinmu ta tare ni a bakin ƙofa bayan sujada tace, Malam, kai zaka ɗauki darasin rufe shekara na yara, Zabura 8. Nace to Mama, ba damuwa. A raina nace wannan ai ruwa ne, tun muna birget, ƙungiyar yara maza ta coci, muka haddace ta, inda Dauda yake cewa in ya ɗaga kai ya dubi sama da wata da taurari sai ya tambaya wai shi mutum ɗin nan mene ne har Allah ke tunawa da shi. Sau nawa na raira ta a cikin mawaƙa ban taɓa jin ko ɗar ba.

Ni aikin wayarin nake yi, ban karanta ilimin taurari a ko ina ba, amma in dai awo ne na san shi, don wanda bai iya awo ba waya zata ƙare masa a tsakiyar silin. To da na zauna zan shirya darasin sai na ɗauko littafin kimiyya na babban yarona in kwafi zanen rana da duniyoyin da ke kewaya ta a kan kwali. Kun san zanen nan ai, rana a gefe kamar rabin lemo, sai duniyoyi 8 a jere kusa da juna kamar tumatir a faifai. Na kwafa, na shafa kala, yayi kyau. Sai idona ya faɗa kan lambobin da ke ƙasan shafin, wai daga nan zuwa rana kilomita miliyan 150, daga rana zuwa Naftun, ta ƙarshe a jerin, kuma miliyan 4,500, wato ninki 30. Na koma na kalli zanen, Naftun bai fi ninki 3 ba. Nace a'a, in ni na kai wa mai gida irin wannan zanen na wayarin ai korata zai yi. Zanen baya faɗin gaskiya, kuma ba laifin mai zanen bane, takarda ce ba zata ɗauka ba.

Daga nan abin ya shiga kaina. Nace bari in rage komai da awo ɗaya, girma da nisa duka, in ga me zai fito.

Abin da ke kusa dani a lokacin ƙwallon yarana ne a ƙarƙashin kujera, na sa tef na auna faɗinsa, santimita 22. Faɗin rana kuma wajen kilomita miliyan 1 da dubu 392. Na raba a kalkuletar waya, ya bani cewa kowace santimita ɗaya tana tsaye a madadin kilomita wajen 63,000. Shikenan, da wannan lamba ɗaya zaka raba komai. Na fara da duniyarmu, faɗinta kilomita 12,742, na raba, sai naga 0.2. Na goge na sake, 0.2 dai. Milimita 2 kenan. Ƙwayar gero. Na kira maman yara daga kicin nace zo ki gani, in rana ce wannan ƙwallon to duniya ƙwayar gero ce, tace to sai me, tuwo na kan wuta. Ta koma abinta.

A nan na tafka kuskuren farko. Wajen raba nisa na yar da sifili ɗaya ban lura ba, sai lissafi ya nuna min Naftun zai tsaya a mita 71, har naji daɗi nace harabar coci ma ta ishe mu. Kwana biyu ina kan wannan shirin har na gaya wa Mama. Yarona ne ɗan aji 2 na sakandare ya kama ni, yace Dadi in duniya tana mita 24 kuma kace Naftun ninki 30 ne, yaya za ayi ya zama 71. Kunya ta kama ni, na sake bugawa, mita 711. Harabar coci ta fita daga lissafi.

Ga abin da na samu a ƙarshe bayan na bi sau uku. Makuri mita 9 daga ƙwallo, Binus wadda mu muke ce wa Zara mita 17, duniya kusan 24, Mas 36. Waɗannan huɗun duk a tsakar gida ɗaya suke. Sai kuma Jufita ya yi tsalle zuwa 123, Satun 226, Yuranus 453, Naftun 711.

Ranar Alhamis na shiga kasuwar Terminus neman duniyoyi. Mai hatsin da na tsaya wurinta ta ɗauka buhu nazo saya, ta fara jawo min kujera, sai nace Mama gero nake so ƙwaya biyu da acca ƙwaya biyu. Ta kalle ni daga sama har ƙasa tace ɗana lafiya kuwa, ko wani ne ya aike ka haɗa magani. Da na yi mata bayani tayi dariya har da tafa cinya, ta ɗebo min da hannu tace je ka, Allah ya shirya. Acca ita ce ta dace da Makuri da Mas don su wajen milimita ɗaya ne, Makuri ma bai kai ba. Gero na duniya da Zara, don kusan girmansu ɗaya. Jufita santimita 2 da ɗan ɗori, na zaɓi ƙaramin goro. Satun na samo atile ƙarami na yanka masa zobe da kwali mai faɗin santimita 4. Yuranus da Naftun kowanne milimita 8, ƙwayar gyaɗa ɗaya ɗaya. Duka duniyoyin 8 na zuba su a cikin kwalin ashana, kuma akwai sauran wuri.

Na manna kowacce a kan farin kati da salatif, na rubuta suna da maka. A katin duniya na auna santimita 6 daga ƙwayar geron na ɗiga biro, wannan shine wata. Na daɗe ina kallon wannan tazarar da bata kai tsawon ɗan yatsana ba, don duk abin da ake ta faɗa na zuwa sama, mutum 12 da suka taka wata daga 1969 zuwa 1972, duk a cikin santimita 6 ɗin nan ne. Ɗan adam da jikinsa bai taɓa wuce kewayen wata ba.

Neman fili shi yafi bani wahala. Jos ba garin miƙaƙƙen fili bane, ko ina dutse ko kwana ko gini, kuma ina so wanda ke ƙarshe ya iya hango farko. Titin mota kuma ban yarda in jera yaran mutane ba. Sai wani abokin aikina ya nuna min wata tsohuwar hanyar ƙasa ta wajen Rayfield, irin wadda masu haƙar kuza suka bari, ta miƙe sambal, sai dai akwai kududdufin kuza a can gefe wanda dole a hana yara matsawa kusa, duk ɗan Jos ya san waɗannan ramukan ba abin wasa bane. Muka je da ƙanena da tef mai mita 30, muna ja muna kafa sanda, muna ja muna kafa sanda. Zuwa Jufita mun ja sau 4, daga nan ƙanena yace yaya ni fa na gaji da sunkuyo, sai muka koma ƙirga taku. Takuna wajen santimita 70 ne, don haka Naftun ya kama taku dubu ɗaya da ɗan kai. Muka ɗaura jan ƙyalle a kowace sanda muka dawo.

Saura izini. Baba Fasto bai yi musu ba, cewa kawai yayi a samu manya su raka mu. Amma a taron dattawa wani Baba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya haura 70, ya ɗaga hannu yace shi fa bai gane ba, an ce a koya wa yara Zabura an koma ana koya musu abin Turawa, kuma irin wannan ilimin ne yake sa yaro ya shiga jami'a ya dawo yace babu Allah. Ban ji haushi ba don ba ƙarya yayi ba, mun ga irinsu. Nace Baba, da girmanka, mutumin da tun 1927 ya kawo maganar cewa sararin sama faɗaɗa yake yi, Georges Lemaître, firist ne na Katolika ɗan Beljiyam. Kuma mutum 3 na farko da suka kewaya wata a kumbon Apollo 8, a jajibirin Kirsimeti na 1968, farkon littafin Farawa suka karanto wa duniya daga can. Ni dai so nake yara su ga abin da Dauda ya kalla. Baba yayi shiru yace to, zan zo in gani da idona, in naga shirme a wurin zan tsayar. Nace na yarda Baba.

Asabar ta biyu a Disamba muka fita, ƙarfe 7 da rabi, sanyin Jos ɗin nan mai shiga ƙashi, yara 31 kowa cikin suwaita da hular sanyi, leɓe duk ya tsage, malamai 4, mata biyu daga zumuntar mata da kulolin shinkafa, sai Baba da sandarsa da babban kot. Na kafa ƙwallo a kan wani dutse nace wannan itace rana. Na raba katuna, kowa na so. Da nazo kan Satun ba wanda ya miƙa hannu, ashe su Satan suke ji, wata yarinya har tana cewa jinin Yesu. Sai da na rubuta musu a ƙasa kafin wani yaro ya karɓa, shima da yatsa biyu.

Muka fara taku muna ƙirgawa da ƙarfi. Taku 13 Makuri. Kafin mu ƙarasa Zara iska ta fizge katin Makuri daga hannun mai riƙe da shi, muka bi muka kamo, accar ta fita daga salatif ta ɓata, aka tsugunna ana nema a cikin ƙasa kamar za a samu. Allah yasa na zo da saura a aljihu.

Taku 34 muka iso duniya. A nan na tsayar da kowa nace su juya su kalli ƙwallon. Abin da yasa, in lissafinka daidai ne, girman da zaka ga ƙwallon daga nan shine daidai girman da kake ganin rana ta gaske a sama. Ban bari sun kalli rana ba don tana lalata ido, amma da yake wata da rana kusan girma ɗaya suke a idonmu nace su tuna cikakken wata. Suka ce eh haka yake. Sai na zagaya da katin, kowa ya leƙa ƙwayar geron. Wani yace Ankul ina Najeriya. Nace ko da allura ba zan iya nuna maka ba. Wani yace to Jos fa, aka fashe da dariya.

Baba bai yi dariya ba. Ya karɓi katin ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya kawo shi kusa da hanci. Yace Malam, kana nufin har teku a ciki. Nace har teku Baba. Yace har Legas da Kano, don shi ya bi layin dogo ya san nisan. Nace duka. Ya riƙe katin bai mayar wa yarinyar ba har sai da ta ce Baba katina.

A wurin na gwada musu abin da yafi burge ni a duk lissafin, wato gudun haske. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, babu abin da ya fi shi gudu, amma a awon namu wannan bai kai santimita 5 a daƙiƙa ba, tafiyar tururuwa. Daga rana zuwa nan minti 8 da daƙiƙa 20 yake yi. Na tura wani yaro mai rawar kai ya koma wurin ƙwallo nace kai ne haske, ka taho wurinmu amma sai ka cika minti 8, na kunna agogon waya. Ya fara jan ƙafa kamar mai ciwon baya, kafin minti 2 ya gaji ya ruga da gudu, yara suka ce ya karya doka.

Bayan Mas ne tafiyar ta canza. Daga mita 36 babu komai sai 123. Da farko suna ƙirgawa da ihu, wajen taku 100 murya ta fara raguwa, wani yace Ankul mun wuce ne bamu gani ba. Nace bamu wuce ba. Akwai tarin duwatsu da ke yawo tsakanin Mas da Jufita amma a awon nan yawancinsu ko ƙura basu kai ba. Da muka iso goron sai murna kamar mun ga ɗan uwa, na gaya musu duniyarmu sama da 1,000 zata shige cikin wannan, kuma tun 1610 Galileo ya hango manyan watanninsa 4 da ɗan madubin hangen nesa. Muka wuce Satun a taku 320 da wani abu. Daga nan kuma sai tafiya ninki biyu kafin gyaɗar farko.

Wannan tsakanin, daga Satun zuwa Yuranus, mita 227 ba komai, shi ne ya taɓa ni, kuma ban shirya masa ba. Na zo ne in nuna wa yara girman abubuwa, rana babba, Jufita babba, Allah ya fi su. Ban yi tunanin wofin ba. Ka riƙe kwalin ashana ɗaya na tsaba ka watsa a fili mai tsawon mita 700 ta kowane gefe, sauran duk duhu ne da sanyi da shiru. Ba wanda yake magana, sai ƙarar takalma da sandar Baba. Na waiga ina neman sandar duniya, jan ƙyallen ma da ƙyar nake gani balle geron. Sai naji cikina ya juya. Duk abin da ya hana ni barci a shekarar nan, kuɗin makaranta, mai gidan da ya riƙe min kuɗin aiki wata 5, duk rikicin da aka yi a garin nan tun muna samari da mutanen da muka binne da unguwannin da har yau wani baya shiga na wani, duk a kan abin nan ne da kaza zata tsince ta haɗiye bata ma san ta ci wani abu ba. Ba zan ɓoye ba, abin da na fara ji tsoro ne, ba yabo ba. Irin tsoron da zaka ji in ka leƙa tsohuwar rijiya baka ga ruwa ba.

Kuma a nan ne na gane ashe tambaya Dauda yayi. Shekara da shekaru ina raira ayar nan kamar amsa ce, da murmushi, ashe mutumin tambaya yake yi da gaske, mutum mene ne. Shi da yake kiwo a daji da dare ba fitila ko ɗaya, taurarin da idonsa zai iya gani 'yan dubbai ne kawai, bai san ko ɗaya daga lambobin da ke aljihuna ba, amma ya riga ni isa wurin.

Muna tsaye a Yuranus ana shan ruwa sai wata yarinya 'yar shekara 9, mai shiru ce sosai a aji, ta ja min riga tace Ankul, kace haske ma sai yayi awa 4 kafin ya kai Naftun. Nace eh, da 'yan mintoci. Tace to addu'a fa, kwana nawa take yi kafin ta kai wurin Allah. Na buɗe baki zan kawo irin amsar da muke bayarwa a aji sai naji ba komai a bakin. Baba ne ya cece ni, ya dafa sandarsa yace 'yata, ai ba a ƙarshen filin nan yake zaune ba. Ya ce Sulemanu da ya gama gina haikali da bakinsa ya faɗa cewa sammai duka ba zasu iya ɗaukar Allah ba balle ɗakin da ya gina, kuma Bulus ya gaya wa mutanen Atina cewa baya nesa da kowannenmu. Yarinyar tace to, ta koma wurin ƙawayenta. Ita ta gamsu nan take. Ni ne na ci gaba da taunawa har muka kai ƙarshe, don amsar daidai ce na sani, amma sanin abu daban, ka tsaya a tsakiyar fili kana neman ƙwayar gero da ido kuma daban.

Taku dubu da goma sha wani abu, Naftun. Daga can ƙwallon ya zama ɗigo, masu kaifin ido ne kawai suka ce suna gani, Baba yace shi ko dutsen baya gani. Yara suka zube a ƙasa suka ce mun gama. Nace to ku tsaya, wa zai gaya min inda tauraro mafi kusa da rana zai kasance. Wani yace Bukuru. Wani yace Akwanga. Wani mai ƙarfin hali yace Abuja, aka yi masa dariya wai ya cika zuzutawa. Nace sunansa Proxima Centauri, haskensa na shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso mu, kuma a awon ƙwallon nan sai ka yi tafiyar kilomita sama da 6,000. Ka tashi daga Jos ka ƙetare hamada ka ƙetare teku ka wuce Landan, baka kai ba tukuna. Tsakanin nan da can kuma ba wata rana ko ɗaya. Wannan fa maƙwabci ne na jikin katanga.

Na gaya musu labarin Voyager 1, kumbon da Amurka ta harba a Satumban 1977, ba mutum a ciki, yana cin kilomita 17 duk daƙiƙa tun kafin a haifi iyayen yawancinsu, shine abin hannun mutum da yafi kowanne nisa. A filinmu yanzu yana wajen kilomita 4 ne kacal daga ƙwallo, tafiyar da keke napep zai yi a minti 10. Saƙonsa na ɗaukar kusan kwana guda kafin ya iso, kuma da wannan gudun sai yayi shekara sama da 70,000 kafin ya ci nisan tauraron nan na kusa. A 1990 an juya kyamararsa ta ɗauki hoton duniya daga nisan kilomita biliyan 6, na nuna musu a waya, ɗigo ne shuɗi shuɗi wanda in ba a nuna maka ba zaka ce datti ne a gilashi. Wata tace Ankul goge wayar.

Daga nan awon nawa ya mutu, kuma na gaya musu gaskiya. Ranarmu ɗaya ce cikin taurari aƙalla biliyan 100 da ke cikin garken da muke ciki, wannan farin hazon da ake gani ya ratsa sama a ƙauye in babu wata. Faɗin garken tafiyar haske ce ta shekara 100,000. Da na buga wannan a awon ƙwallo, amsar da ta fito kilomita miliyan 150 ce, wato sai na shimfiɗa filin daga nan har zuwa rana ta gaske kafin ya ɗauka. Na rage abu sau biliyan 6 amma ya sake cika sama. Kuma wannan garke ɗaya ne, na kusa damu mai girma, Andromeda, hasken da ke shigowa idonka daga can ya baro gida shekara miliyan 2 da rabi, irinsu kuma biliyoyi ne. In zaka ƙirga taurarin garkenmu kaɗai, ɗaya duk daƙiƙa ba ci ba barci, zaka haura shekara 3,000. Baba yace ashe da Allah ya fitar da Ibrahim waje yace ƙirga in zaka iya, ya san abin da yake yi. Sai ya ɗauko Ishaya 40 daga ka, inda aka ce a ɗaga ido sama a ga wanda ya halicci waɗannan, yana fito dasu a ƙidaye yana kiran kowanne da sunansa. Muryarsa na rawa, ban sani ba ko sanyi ne.

Ban yi dogon wa'azin da na rubuta ba, shafi 2 ne a aljihuna, ban ma ciro ba. Na buɗe Zabura 8 na ba yarinyar nan mai tambaya ta karanta, iska na kaɗa shafin tana dannewa da hannu. Ta gama muka yi shiru kaɗan. Baba ya cire hula yayi addu'a gajeriya, abin da ba halinsa bane, duk wanda ya san shi a coci ya san in ya fara sai an zauna.

Kafin mu juya nace wa yaron da ke riƙe da Naftun, ɗan birget ne mai shekara 12, ya tsaya a wurin ya ɗaga katinsa, in mun koma wurin ƙwallo zamu duba ko zamu hango shi, sai in ɗaga masa hannu ya taho. Yace to Ankul, ya ƙame kamar soja. Muka koma muna tsintar sanduna, Baba na tafiya a gefena yana tambayata ko Kaza da 'Ya'yanta da ake gani a sama a wannan watan, wadda littafin Ayuba ya ambata, ita kuma a ina zata faɗo a filin. Nace haskenta na shekara sama da 400 a hanya Baba, filin bai kai ba. Yace a taro mai zuwa in kawo ƙwallon in nuna wa dattawa, amma a nemo hanyar da bata kai wannan tsawo ba saboda gwiwa.

Muna isa zumuntar mata sun buɗe kuloli, ƙamshin shinkafa ya tashi, yara suka yi layi, aka raira waƙa biyu, aka yi addu'ar abinci, ni kuma ina ta amsa tambayar wani malami a kan me yasa aka cire Fuluto daga lissafin duniyoyi a 2006. Sai da Mama ta ƙirga faranti ta ga ɗaya ya rage tace Malam, yaran nan 31 ne ko 30. Gabana ya faɗi. Na kalli can ƙarshen hanya, ga wani ɗan tsinke a tsaye.

Da gudu na tafi, mita 711, ban taɓa sanin na tsufa ba sai ranar. Na same shi yadda na bar shi, hannu a sama, wajen minti 40. Nace me yasa baka taho ba, yace ai baka ɗaga hannu ba Ankul. Na bashi haƙuri, na tambaye shi ko yana ganinmu daga nan. Yace kamar tururuwa, ba a gane kowa, amma in iska ta juyo yana jin waƙar kaɗan kaɗan, har ya gane wacce ce. Na karɓi katin naga salatif a ɓare, ba komai a kai. Nace ina Naftun. Ya sunkuyar da kai yace yunwa ce Ankul.